Daga Masussuka Zuwa Teku: Yadda Ake Sarrafa Iska

Duk wanda ya ga ana shiƙar gero a ƙauyukan Bichi ko Dambatta ya san cewa sai an karanci iska. Mai shiƙa kan juya jikinta har iskar hunturu ta kwashe ƙaiƙayi, ta bar tsaba.

Haka matuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska yake yi da babban ƙyallen jirginsa. Igiya ce ke riƙe da kusurwar ƙyallen. Idan ya ja ta fiye da kima, iska ba ta bin bayan ƙyallen, gudu ya ragu, jirgin ya karkata, har ya iya kifewa. Idan ya sake ta da yawa, ƙyallen ya yi ta kaɗawa a banza. Shi ya sa ake liƙa 'yan zare a jikinsa: in sun miƙe sambal, an dace. Da irin wannan saiti, jirgi kan tunkari iska a kusurwar digiri 45.

Yau na'urori sun shiga aikin. Jiragen gasar SailGP, wadda aka fara a 2019, cike suke da na'urorin auna iska, kuma gudunsu kan kai kusan kilomita 100 a awa.

Ka'idar ta iso gida. Injinan lantarki na iska da ke Lambar Rimi a Katsina su ma an ƙera su ne don su riƙa juya fukafukansu gwargwadon ƙarfin iska. Mai son gani da idonsa ya buɗe manhajar Windy, ya duba yadda iska ke kaɗawa a garinsu yau.