Masu Jikin da ke Danne Ƙwayar Ƙanjamau, da Ribar da ke Cikin Sirrinsu

A cikin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau akwai wasu 'yan ƙalilan, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari, da kan yi shekara da shekaru ba tare da shan magani ba, amma ƙwayar ba ta yi yawan da awon jini zai ƙirga ta ba. Da yawansu sun gaji wata alama mai suna HLA-B57 ko HLA-B27. Aikinta shi ne ta tona wa fararen ƙwayoyin jini masu suna CD8 asirin cutar, ta nuna masu sassanta waɗanda ba ta iya sauyawa sai ta raunana kanta. Da haka sojojin jiki kan kashe duk ƙwayar halittar da ta kamu kafin cutar ta hayayyafa.

Irin wannan bincike ya taɓa zama kuɗi. A 1996 aka gano cewa cutar na shiga ta wata ƙofa mai suna CCR5, kuma kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen arewacin Turai an haife su ba su da ita. Kamfanin Pfizer ya ƙera maganin maraviroc mai toshe ƙofar, ya shiga kasuwa a 2007. A shekarar ne aka yi wa Timothy Ray Brown dashen ɓargon irin waɗannan mutane a Balin, ya kuma warke. Sai dai dashen na da tsada da haɗari, kuma wannan gado kusan babu shi a Afirka.

Ga Nijeriya maganar ta lissafi ce. Ƙidayar 2018 ta nuna mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar, kuma maganin na har abada ne. Gaskiya farashi ya faɗi ƙwarai, daga fiye da dala 10,000 a shekara zuwa dala 350 da kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayi a 2001, amma kaso mai tsoka na kuɗin daga waje yake zuwa, kamar yadda dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya tunatar. Riga-kafin da zai koya wa jiki dabarar waɗancan 'yan ƙalilan zai sauke wannan nauyi, amma har yanzu bai samu ba.

Binciken da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2004 ya nuna wahalar aikin: alamar B5801 na kare mai ita, alhali 'yar'uwarta B5802, wadda bambancinsu bai taka kara ya karya ba, na tafiya da yawan ƙwayar a jini.