Matuƙin Jirgin Sama da Tasharsa Mai Nisa

Manomin da gonarsa ke bayan gari yakan yi sammako ya tafi, ya komo gida da la'asar. Amma wanda tasa ke can cikin daji mai nisa, tilas ya kafa bukka a gefenta, ya riƙa kwana har a gama aikin damina. Haka al'amarin sabon matuƙin jirgin sama yake, sai dai shi nisan gonarsa ya kai ɗaruruwan kilomita.

Jiragen sama sun fara sauka Kano ran 1 ga watan Nuwamba, 1925. Guda uku ne, na sojan Ingila, sun taso daga ƙasar Masar. A zamanin nan matuƙa duk Turawa ne. A 1958 aka kafa kamfanin Nigeria Airways, wanda ya yi aiki har zuwa 2003. A 1964 kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Tun daga sa'an nan 'ya'yan ƙasa, maza da mata, suka yi ta shiga wannan sana'a.

Kowane kamfanin jirage yana da babbar tasha. Can jiragensa ke kwana, can ake duba lafiyarsu, can kuma matuƙa ke fara aiki, su ƙare. Yawancin kamfanonin Nijeriya a Ikko suke da tasharsu, waɗansu a Abuja, waɗansu kuma a Kano. Idan aka ɗauki matuƙi aiki, sai a gaya masa tashar da zai zauna. Sabon shiga ba ya zaɓe, gama tsofaffin hannu su ake fara ba abin da suke so. Shi kuwa mataimaki ne tukuna, yana zama a kujerar dama, kyaftin yana hagu. Sau da yawa akan sa shi zaman jiran kira, watau ya zauna a shirye kusa da filin jirgi, in wani matuƙi ya kasa fitowa a kira shi maza ya maye gurbinsa.

To, a ce wani saurayi ne ɗan Wanke ta ƙasar Gusau ya gama makarantar Zariya, aka ɗauke shi aiki, aka ce tasharsa Ikko. Iyayensa da iyalinsa suna gida, hayar ɗaki a Ikko kuwa da tsada, ga shi bai daɗe da fara karɓar albashi ba. Saboda haka sai ya bar su a gida, ya riƙa zuwa yana komowa.

Ga yadda tafiyarsa za ta kasance. Da fari zai fito daga Wanke zuwa Gusau. Idan bai sami jirgi nan kusa ba, sai ya shiga mota. Ko dai ya yi yamma ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara har Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200, ko kuwa ya yi gabas ta Kwatarkwashi da Tsafe da Funtuwa har Kano. Da rana zai yi wannan tafiya, don hanyar ba ta dare ba ce. Daga Kano jirgi yakan kai Ikko cikin kamar sa'a ɗaya da rabi. Amma fa a wannan jirgi shi fasinja ne kamar kowa, in kuma kujeru sun cika sai ya jira na baya. Da hunturu hazo yakan rufe sararin sama, jirage su kasa tashi ko sauka. Ashe tafiyar da ake gani gajeruwa a kan taswira tana iya cinye masa yini guda cur.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Hukuma ta yi wa matuƙa dokar hutu. A ƙasashe da yawa ba a yarda matuƙi ya yi tuƙi fiye da sa'a 100 cikin kwana 28 ba, kuma tilas a ba shi hutu tsakanin wannan aiki da wancan. Amma tafiyar da ya yi daga garinsu zuwa tasha ba a ƙidaya ta cikin aiki. A littafin kamfani an rubuta yana hutu, alhali kuwa yana cikin mota yana shan ƙura. Littafi bai ƙidaya gajiyar ba, amma jikinsa ya ƙidaya. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Mai gajiya idonsa yana kan agogon jirgi, amma hankalinsa ba ya wurin, hannunsa kuma ba ya sauri.

An ga misalin wannan a Amurka. Ran 12 ga watan Fabrairu, 2009, da dare, wani jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Da aka yi bincike, sai aka tarar babban dalili shi ne kuskuren da kyaftin ya yi sa'ad da gudun jirgin ya ragu ƙwarai. Amma an kuma tarar matuƙan nan biyu duk daga nesa suke zuwa aiki. Mataimakiyar, wata mace, ta kwana cikin jirage tana ratsa ƙasar tun daga bakin tekun yamma zuwa na gabas kafin ranar aikin. Masu bincike suka ce mai yiwuwa gajiya ta rage musu kuzari. Bayan wannan aka sāke dokar ƙasar, daga 2014 ya zama tilas matuƙi ya sami hutun sa'a 10 kafin ya kama aiki.

Saboda haka matuƙi mai hankali yakan yi dabara uku. Ta fari, yakan baro gida tun ana sauran kwana ɗaya ko biyu, don ya isa ya yi barci sosai a kan gado. Ta biyu, yakan haɗa kai da 'yan'uwansa sababbin matuƙa su kama ɗaki guda kusa da filin jirgi, su raba kuɗin haya, kamar yadda 'yan cin rani ke yi a birni. Ta uku, in ya ji gajiya ta kama shi, sai ya faɗa wa shugabanninsa gaskiya, a sa wani a madadinsa. Wannan ba abin kunya ba ne, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wannan zama yana da wuya. Yakan rasa suna da biki, wani lokaci har Salla ta same shi a sama. Amma sannu a hankali shekarunsa na aiki suna ƙaruwa, har ya kai ga zaɓen tasha kusa da gida, ko ya sami halin kwaso iyalinsa.

Fasinja ba su san garin da matuƙinsu ya fito ba, ba su kuma san inda ya kwana ba. Sun dai shiga sun zauna, sun ba shi amanar rayukansu. Riƙon wannan amana kuwa tun daga barcin daren jiya yake farawa.

Tambayoyi

1. A wace shekara jiragen sama suka fara sauka Kano?
2. Mene ne zaman jiran kira?
3. Waɗanne garuruwa ake ratsawa daga Gusau zuwa Sakkwato?
4. Don me gajiyar hanya take da hatsari ga matuƙi?
5. Faɗi dabaru uku na matuƙi mai hankali.