Kambun Kokawar Biyu-Biyu Na Japan: Uwargida, Kin San Abin Da Ɗanki Ke Kallo?

Uwargida, idan kin leƙa wayar ɗanki kin ga ƙarti biyu-biyu suna tsalle daga kan igiya suna dira kan abokan karawarsu, wataƙila wasan kamfanin New Japan Pro-Wrestling yake kallo, wanda Antonio Inoki ya kafa a 1972.

A watan Agustan 1998 kamfanin ya ƙirƙiro kambun IWGP na 'yan kokawa marasa nauyi masu karawa biyu-biyu. Shinjiro Otani da Tatsuhito Takaiwa ne suka fara ɗaukarsa. Daga baya wasu 'yan Amurka, wa da ƙani, Matt da Nick Jackson, waɗanda ake kira Young Bucks, suka ci shi har sau 7.

Kalmar "junior" da ke cikin sunan kambun ba yara take nufi ba. Manya ne da nauyinsu bai wuce kilo 100 ba, shi ya sa suke iya tashi sama da juyi a iska, abin da ke burge yara ke nan.

Tun kafin a hau dandali an tsara wanda zai yi nasara, kuma sun daɗe suna koyon yadda ake faɗuwa. Duk da haka, a Yulin 2018 Hiromu Takahashi, gwani a wannan rukuni, ya karye a wuya a San Francisco. Ya fi shekara yana jinya.

Don haka ki zauna ki yi wa yaron bayani, tun kafin ya gwada a kan ƙaninsa. Ke ya kike yi da naki?