Ƙwayar Ƙarfi a Bakin Iyaka

Yau za mu yi magana a kan wata ƙwaya ƙarama da ake kira tiramadol, ko taramol a bakin samari.

Wanda ya san ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi ya san aikinta da nauyi yake. Ga noman shinkafa a fadamun kogin Kwara, ga su, ga 'yan kabu-kabu masu ɗaukar kaya daga Tsamiya zuwa Segbana cikin ƙasar Benin, ko ta wajen Lolo da Illo. Yaro ya yini a kan babur, bayansa na ciwo. Sai abokinsa ya ce masa, sha wannan, ba za ka ji gajiya ba. Ya sha, gajiya kuwa ta tafi. Daga nan ake farawa.

To, mene ne tiramadol? Maganin ciwo ne na gaske, dangin kodin ne. Likita yakan ba mai ciwo mai tsanani ƙwaya mai ƙarfin miligiram 50 ko 100, ba ya kuwa yarda a wuce 400 a yini. Amma wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Yawancinta daga Indiya ake yin ta, ta sauka a tashoshin jiragen ruwa irin su Kwatano da Lome da Ikko, sa'an nan ta bi hanyoyin iyaka. Ka duba, ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun wuce abin da likita ya yarda a sha a yini ɗaya.

Ƙwayar ba ta ƙara wa jiki ƙarfi. Tana toshe jin ciwo ne kawai, mutum ya yi ta aiki jikinsa na lalacewa bai sani ba. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Ranar da bai samu ba, sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, barci ya ƙi zuwa. Idan ya sha da yawa tana jawo farfaɗiya. Ka yi tunanin farfaɗiya a kan babur, ko cikin kwalekwale a tsakiyar kogi! In an haɗa ta da giya ko kodin, numfashi yakan ragu har ya tsaya cikin barci.

Ba Bagudo kaɗai ba ce. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin suka sha. A shekarar ce gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hukumar NDLEA kuwa tun 1989 aka kafa ta, amma hanyoyin daji sun fi ma'aikata yawa.

Iyaye, da ku iyayenmu mata na zumunta, in kun gane yaronku ya kamu, kada ku kore shi, kada ku ɗaure shi da sarƙa. Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, likita ne zai riƙa rage masa kaɗan kaɗan. A fara da asibiti mafi kusa; akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. In farfaɗiya ta kama shi a gabanku, ku kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada ku sa masa cokali ko ruwa a baki, ku kai shi asibiti nan da nan.