Daga Gem Zuwa Fim: Abin da Ke Salwanta a Hanya

A gidajen gem na Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano, ƙwallo ce ke cin kasuwa. Samari biyu su karɓi hannu, 'yan kallo su yi cirko-cirko a bayansu, wanda aka ci ya biya. Amma akwai wani nau'in gem da ba a gama shi a zama ɗaya, wanda ake kira RPG. A cikinsa mai bugawa ne jarumi. Shi zai zaɓi takobi ko tsafi, ya yanke wanda zai ceta da wanda zai yaudara, ya tara ƙarfi kafin ya tunkari bos. The Witcher 3 na 2015 kan ci sa'o'i hamsin ko fiye kafin a cinye shi.

Farin jinin irin waɗannan wasanni ya daɗe yana jan hankalin masu fim a Amurka, sai dai sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. A 2001 kamfanin Square na Japan ya kashe kusan dala miliyan 137 a kan fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within, abin da ya dawo bai wuce miliyan 85 ba, aka rufe sashen fim na kamfanin. Masu son gem ɗin sun je neman matsafa da dodannin da suka sani, suka tarar da sojoji da bindigogi a shekarar 2065. Warcraft na 2016, wanda Duncan Jones ya ba da umarni, kuskurensa kishiyar wannan ne: ya jibge wa mai kallo sunayen masarautu da ƙabilu har baƙo ya rasa inda aka dosa. Ya tara kusan dala miliyan 439, amma miliyan 47 kacal daga Amurka. 'Yan kallon Sin ne suka rufa masa asiri.

Tushen matsalar ɗaya ne. Daɗin gem yana cikin zaɓi, fim kuwa ƙwace hannun yake yi ya ce ka zauna ka kalla. Labarin da mutum ya gina da kansa a mako uku ba ya shiga sa'a biyu. Shi ya sa masu shirya Fallout na 2024 suka mai da shi mai dogon zango, suka ɗauki duniyar gem ɗin da dokokinta, suka ƙirƙiri sababbin jarumai.

Ofisoshin Kannywood da ke Titin Zoo, maƙwabtan Gyadi-Gyadi, sun san wannan ciwon ta fuskar littafi. Tun lokacin da aka mai da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fim, masu karatu ke gardamar ko jarumar allo ta kai wadda suka zana a zuci. Kayan aikin gem ko fim irin wannan kuma jibge suke a littattafanmu: Ganɗoki na Bello Kagara, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini, duk cike da aljanu da sadaukai. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, gem da aka gina kan al'adun Afirka. Wanda zai taɓa irin wannan aiki a Kano, gem ne ko fim, sai ya fara tsara duniyar labarin: wa ke mulki, tsafi yana da iyaka ko babu, me jarumi zai rasa idan ya yi kuskure. Wannan ba ya buƙatar dala miliyan ɗari, marubuci mai haƙuri yake buƙata.