Kafin ka sayi a-kori-kurar gona: inji da lissafin giya

 Duk wanda kajinsa suka haura dubu, ko tafkunan tarwaɗarsa suka kai huɗu zuwa biyar, ya san ciwon kan kuɗin dako. Yau ka kira mai Keke ya kawo abinci, gobe mai tankar ruwa ya ce sai jibi, kifi kuwa ba ya jiran jibi. Daga nan sai tunanin sayen mota ya shigo. Tunani ne mai kyau, amma a nan ne wasu ke binne jarin da suka yi shekara uku suna tarawa, saboda sun sayi mota da ido: fenti na sheƙi, tayoyi manya, ba su tambayi abin da ke ƙarƙashi ba.

Fara da auna kayanka

Kafin ka taka wajen dillali, ɗauki biro da takarda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne cur, ban da nauyin tirelar da ke ɗauke da shi. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, buhu 40 ya zama tan ɗaya. Na kifi yawanci kilo 15 ne. Buhun masara goma, tan ɗaya.

Abin da mota ke ɗauka a bayanta daban, abin da take ja daban. Mota irin Hilux ba ta cika wuce tan ɗaya a ɗauka ba, har da kai da yaranka da ke ciki. Wajen ja kuwa, wasu sababbin samfuran an ba su har kilo 3,500, amma fa da sharaɗin tirelar tana da birkinta. Tirela marar birki, kilo 750 ne iyaka. Mu kuwa yawancin tirelolinmu na mai walda ne, babu birki ko na magani. Sannan kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin tirela yana sauka ne a kan ƙugiyar motar. Tirela mai tan biyu da rabi ta riga ta cinye maka kilo 250 daga abin da za ka loda a baya.

Fetur ko gas?

Masu sayar da mota sun fi son maganar ƙarfin doki, amma mai jan kaya ƙarfin murɗawa ya kamata ya tambaya, wato ƙarfin da inji ke juya taya da shi, wanda ake rubutawa da Nm. Shi ne ke tayar da kaya daga tsaye, shi ne ke hawa tudu.

Ɗauki Hilux misali. Injin fetur mai lita 2.7 yana ba da kusan Nm 245, kuma sai ka taka shi ya kai wajen juyi 4,000 a minti. Injin gas mai lita 2.8 da ya fito a 2015 yana kaiwa Nm 450 tun daga juyi 1,600, wato tun inji bai fara ihu ba. Bambancin ke nan: mai fetur sai ya yi kuka kafin ya ja, mai gas yana ja cikin natsuwa, kuma ya fi tsimin mai idan da kaya.

Amma kar ka ɗauka kowane injin gas ne jarumi. Tsohon 5L mai lita 3, wanda ba shi da tobo, ƙarfinsa bai ma kai na mai fetur ɗin ba. Abin da ya sa ake ƙaunarsa shi ne juriya da sauƙin gyara. Sababbin injunan gas kuwa, nozul ɗinsu ba ya haƙuri da gurɓataccen mai. Jarka ɗaya ta gas mai ruwa daga bakin titi na iya jawo maka gyaran da zai lashe ribar zubi guda na kajin nama.

Akwai kuma manyan na Amurka da ake shigo da su na hannu, irin Ford F-250 mai injin Power Stroke lita 6.7, da Ram 2500 mai Cummins, da Chevrolet mai Duramax. Wajen ja, ba a haɗa su da Hilux. Sai dai tun daga 2007 ana saka musu matatar hayaƙi da ke buƙatar gas mai tsabta ƙwarai, na baya-bayan nan kuma har da wani ruwan tace hayaƙi na daban da ake zuba musu. Kafin ka ɗauko irin wannan, tambayi kanka: a garinmu wane bakanike ne ya san ta, kuma ina kayan gyaranta?

Lambar da ba a tambaya

Ƙarfin inji ba kai tsaye yake zuwa taya ba. Yana bi ta giyabos, ya bi ta farfela, ya shiga aksul ɗin baya. A cikin aksul akwai haƙoran da ke da lissafinsu, kamar 3.55 ko 3.73 ko 4.10 ko 4.30. Idan aka ce 4.10, ana nufin farfela za ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya.

Tuna keke mai giya. A kan tudu kana juya feda da yawa, tafiya kaɗan, amma ƙafarka ba ta wahala. Haka babbar lamba take: ƙarfin ja ya ƙaru, kulochi ya huta, amma a kan kwalta inji zai riƙa juyi da yawa, ya ƙara shan mai. Ƙaramar lamba ta mai doguwar tafiya ce da mota ba kaya. Shi ya sa za ka ga motoci biyu, inji iri ɗaya, amma kamfani ya ba su nauyin ja daban. Injin fetur ya fi buƙatar babbar lamba, mai gas kuwa yana iya wa matsakaiciya.

Motar hannu ce, ta yiwu an taɓa canja mata aksul, don haka gwada da kanka. A fili mai laushi ba, a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, sa wa tayoyin gaba waigi, cire giya, ɗaga tayar baya ɗaya da jak. Yi alama da alli a taya da farfela. Juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela. Abin da ka samu shi ne lambar. Idan tayar ta ƙi juyuwa, aksul ɗin mai riƙe tayoyi biyu ne: ɗaga duka biyun, ka juya sau ɗaya.

Kuma a kiyayi manyan tayoyin ado. Taya ta fi ta asali girma, ƙarfin ja ya ragu, tamkar ka rage lambar aksul da hannunka.

To wacce za ka ɗauka?

Idan aikinka buhunan abinci ne, da kiret ɗin ƙwai, da kwalin 'yan tsaki, sai jan ƙaramar tirela jefi-jefi, mai fetur ta ishe ka, kuma duk bakanike ya san ta. Idan kullum sai ka ja ruwa tan biyu zuwa uku a hanyar burji, nemi mai gas da tobo, mai giyar taimako ta tayoyi huɗu saboda damina, ka kuma riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi. Idan kayan sun wuce haka, aikin Canter ne ko tarakta, kar ka kashe ƙaramar mota.

Abu na ƙarshe: tashi da kaya ba shi ne wahala ba, tsayawa ita ce. Tankin da ruwa ya tsaya rabi, in ka taka birki ruwan zai turo ka gaba, don haka cika shi fal ko ka bar shi fanko. A gangare sauko da giya, kar ka dogara da birki kaɗai. Ranar gwaji kuma, kar ka yarda da zagayen unguwa da mota wayam. Loda mata buhu talatin, ka hau tudu, idonka a kan allurar zafi.

Masu mota a cikinmu, wane inji kuke amfani da shi, kuma nawa yake ja muku? Allah ya sa albarka a kiwo.