Wayar Fulogi: Jijiyar Wutar Akori-kura

A kan hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, tsofaffin motocin akori-kura ne ke jigilar shinkafa da albasa zuwa kasuwanni. Da yawansu ƙirar Peugeot ne, kamfanin da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Sau da yawa idan irin wannan mota ta fara shessheƙa a ƙarƙashin kaya, laifin na wayoyin fulogi ne.

Batirin mota wutar bolt 12 kawai yake bayarwa. Kwayil ne ke ɗaga ta zuwa dubban bolt, wayoyin kuma su kai ta fulogi, inda tartsatsi ke kunna fetur. Zafin inji da tsufa kan tsattsaga robar da ta lulluɓe waya, ƙurar hunturu da laimar damina su ba wuta hanyar zurarewa. Sai fetur ya fita bai ƙone ba, ƙarfin mota ya ragu. A cikin duhu akan ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayar da ta lalace.

Waya mai cikin jan ƙarfe tana daɗewa, amma tana sa rediyo ƙara. Mai cikin gawayi tana hana ƙarar, sai dai ta fi saurin gajiya. Kowacce aka zaɓa, a duba kaurin roba da daidaiton tsawo, domin araha ba ta ado. A kashe inji, a sauya wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kada jerin kunna silinda, wato 1-3-4-2, ya rikice.